Allurar rigakafi: abin da ya kamata ɗalibin lafiya ya iya kafin ya taɓa ƴaƴanmu

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ko hanyar Damagaram zuwa Kano ta Matameye da Daura, ya san kaya iri-iri ne. Akwai wanda zai shekara a shago bai canza ba, akwai kuma irin tumatir da ɗanyen kifi, wanda sakacin yini ɗaya na yaron mota kan mayar da uwar kuɗi ta zama shara. Allurar rigakafi tana cikin kashi na biyu. Komai ingancin kamfanin da ya yi ta, komai kuɗin da aka kashe wajen kawo ta, amfaninta yana hannun mutum na ƙarshe da ya ajiye ta, ya haɗa ta, ya yi wa yaro, ya kuma yi wa uwar yaron bayani. Wannan mutum kuwa jiya-jiya ɗalibi ne a makarantar koyon aikin lafiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba abin da ya kamata a koya masa tun yana aji, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ya haɗa ɗan kasuwa da wannan magana?

Abu na farko, cuta ba ta tsayawa a shingen duwan. Mutanen da ke cika kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Illela da ta Jibiya ranar Lahadi, daga ƙasashe biyu suke fitowa, kuma da yamma kowa ya koma gidansa da abin da ya saya da abin da ya shaƙa. Mun ga haka da cutar mashaƙo, wadda ta yi ƙamari a Kano daga ƙarshen shekarar 2022, sannan a 2023 ta bayyana a yankin Matameye na jihar Damagaram. Cuta ce da ke da rigakafi tun da daɗewa, kuma akasarin yaran da ta kama ba su samu allurarsu cikakkiya ba.

Abu na biyu, da yawa daga cikin ɗaliban da ke cika makarantun lafiya ƴaƴan ƴan kasuwa ne. Ban da makarantun gwamnati irin su ENSP ta Yamai da ta Damagaram, da sassan koyon likita na jami'ar Abdou Moumouni da ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, da kwalejojin fasahar lafiya na jihohin arewacin Nijeriya, makarantu masu zaman kansu sun yawaita a ɓangarorin biyu na iyaka, kuma iyaye ne ke biyan kuɗinsu. Wanda ya biya kuɗin kaya yana da damar ya kwance buhu ya duba abin da aka ɗura masa.

Abu na uku, a ƙauyukanmu na kan iyaka ba kasafai ake ganin babban likita ba. Wanda ke riƙe da ƙaramin gidan likita na karkara ko cibiyar CSI a nan Nijar, ko asibitin sha-ka-tafi a can Nijeriya, galibi nas ne ko ungozoma ko ƙaramin ma'aikacin lafiya. Shi ne mai ajiya, shi ne mai allura, shi ne mai lissafi. Idan bai iya ba, babu wani a kusa da zai gyara masa.

Darasi na farko: sanin kayan

Ɗalibi ya fara sanin abin da ke cikin kwalbar. Rigakafi ƙwayar cuta ce da aka raunana ko aka kashe, ko wani ɗan yanki nata, da ake nuna wa jiki domin garkuwarsa ta san fuskarta, kamar yadda ake nuna wa maigadin kasuwa hoton ɓarawo tun bai zo ba. Ran da cutar gaske ta shigo, sai ta tarar an shirya mata.

Daga nan sai jadawali. Da haihuwa ana yi wa jariri BCG ta tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan inna. A sati 6 da sati 10 da sati 14 ana yi masa Penta, wadda ta haɗa rigakafin cuta biyar a allura ɗaya: mashaƙo, tarin lala, sarƙe haƙora, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu. A wata 9 sai ta ƙyanda da ta shawara, sannan a maimaita ta ƙyanda cikin shekara ta biyu. Haddar jadawali kaɗai ba ta isa ba, sai ɗalibi ya san dalilin kowane mataki. Ana maimaita ta ƙyanda ne domin a cikin yara ɗari da aka yi wa ta farko a wata 9, kimanin 15 jikinsu bai kama ba, ga shi kuma mai ƙyanda ɗaya yana iya sa wa mutum 12 zuwa 18 waɗanda ba su da kariya. Sai an kare kusan kashi 95 cikin 100 na yaran gari kafin cutar ta rasa hanyar yaɗuwa.

Jadawalin kuma ba a tsaye yake ba. A watan Disamba na 2010 aka fara amfani da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma ta kusa shafe sanƙarau nau'in A, wanda a annobar 1996 ya taimaka wajen kashe mutane kimanin 25,000 a Afirka. To amma a 2015 sai nau'in C ya ɓarke a Nijar, ya kama mutane fiye da 8,000, ya kashe sama da 500, saboda waccan allura ba ta shafe shi ba. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, Nijar ta bi baya a shekarar. A 2024 ɗin dai aka shigar da rigakafin zazzabin cizon sauro, Kamaru a watan Janairu, Nijar a watan Satumba daga Gaya, Nijeriya a watan Disamba daga Kebbi da Bayelsa. Malamin da ke karantarwa da littafin da ya rubuta shekara goma sha biyar da suka wuce yana sayar wa ɗalibansa tsohon kaya ne. Saboda irin wannan giɓi ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya tsara manhajar koyi a kan rigakafi domin makarantun likitoci da na nas-nas da ungozomomi, ya kuma sabunta ta a 2015. Sauran aiki shi ne kowace makaranta ta ɗauka ta yi amfani da ita.

Darasi na biyu: ajiya

A nan ne ɗan kasuwa zai fi kowa fahimta. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga babban sito har zuwa kular da ake ɗaurawa bayan babur a shiga ruga. A ƙasar da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wuta kuma ta zo ta tafi, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ana son ma'aikaci ya duba ma'aunin firigo, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke ce wa firiji, safe da yamma, ya rubuta, har ranar hutu.

A jikin kwalbar akwai wani ɗan tambari, murabba'i mai haske a cikin da'ira mai duhu, wanda aka fara sa wa maganin shan inna a 1996. Duk lokacin da zafi ya taɓa kwalbar, murabba'in kan ƙara duhu. Idan launinsa ya kamo na da'irar ko ya wuce, kwalbar ta tashi aiki ko da ranar ƙarewarta ba ta zo ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sanyin da ya wuce kima ma yana ɓatawa. Penta da allurar sarƙe haƙora idan suka daskare sun lalace, ko da sun narke sun koma kamar lafiyayyu a ido. Ɗalibin da aka koya wa aiki ya san ba a jingina su da ƙanƙarar da ta fito daga firiza kai tsaye, ya kuma san gwajin girgiza kwalba da ake yi idan ana zargin ta daskare. Yaron da aka yi wa lalatacciyar allura, an rubuta masa a kati, uwarsa ta tafi da kwanciyar rai, alhali ba shi da kariya.

Nijar ta ɗanɗana abin da ya fi wannan muni. A lokacin annobar sanƙarau ta 1995, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar jabu wadda ta shigo a matsayin taimako. A 2015 da 2019 kuma OMS ta fitar da sanarwar gargaɗi kan jabun alluran sanƙarau da aka gano a ƙasar. Darasin a nan na ɗalibi ne da na ɗan kasuwa gaba ɗaya: allurar rigakafi ba hajar tebur ba ce, ba ta kemis ɗin bakin tasha ba ce. Wanda ya ɗauko ta a kwali ya ƙetara iyaka da ita cikin kayan masarufi, ko ta gaske ce ya kashe ta a hanya.

Darasi na uku: hannu

Wasu alluran, kamar BCG da ta ƙyanda da ta shawara, gari ne da ake haɗawa da ruwansu na musamman. Kowace da nata ruwan, daga kamfani ɗaya, kuma da zarar an haɗa, bayan awa 6 ko ƙarshen zaman aiki sai a zubar da saura. Kowane yaro da sirinjinsa sabo fil, irin mai kulle kansa bayan amfani ɗaya, a jefa shi a akwatin allurai ba tare da mayar da murfi ba. BCG cikin fata ake yin ta, ta ƙyanda ƙarƙashin fata, Penta kuwa cikin tsokar cinya, ba a ɗuwawu ba, domin a can akwai babbar jijiyar da idan allura ta same ta ƙafar yaro kan iya shanyewa.

Kada a ɗauka waɗannan ƙa'idoji ƙaƙale ne. A watan Mayu na 2017, a yankin Kapoeta na Sudan ta Kudu, yara 15 suka mutu bayan wani gangamin rigakafin ƙyanda. Binciken gwamnatin ƙasar da OMS ya gano cewa waɗanda suka yi aikin ba su da horo, sun yi kwana huɗu suna haɗa magani da sirinji ɗaya, maganin kuma ba ya cikin sanyi. A watan Yuli na 2018, a tsibirin Samowa da ke tekun Fasifik, jarirai biyu suka mutu saboda nas biyu sun haɗa garin allurar da wani maganin saki tsoka maimakon ruwansa. Aka dakatar da rigakafin na watanni, iyaye suka tsorata suka daina kawo yara. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta shiga ƙasar mai mutane kimanin 200,000, ta kashe 83, akasarinsu ƙananan yara. A wurare biyun nan ba maganin ne ya yi kisa ba, hannun da ya haɗa shi ne, kuma ɓarnar kuskuren ta zarce waɗanda ya fara shafa.

Irin wannan aiki ba a iya shi da kallon allo. Sai ɗalibi ya yi makonni a ɗakin rigakafi ƙarƙashin idon wanda ya ƙware, ya loda kula da hannunsa, ya cika rajista, ya fita ƙauye tare da ayari. Ya kamata kuma shi kansa a yi masa allurar ciwon hanta nau'in B kafin ya fara taɓa allura da jini, domin sukar allura ɗaya bisa kuskure tana iya sa masa ciwon da zai bi shi har tsufa.

Darasi na huɗu: baki

Kowane ɗan kasuwa ya san kyan kaya ba ya sayar da su idan mai shago ya ɗaure fuska. Matar da ta baro tallarta ta yi tafiyar awa biyu da goyo, aka daka mata tsawa don ta makara ko ta manta kati, da wuya ta dawo, kuma za ta ba kishiyarta da maƙwabtanta labari. Ɗalibi ya koyi faɗa wa uwa abu huɗu kafin ta tashi: wace allura aka yi, wace cuta take karewa, me za ta iya gani a jikin yaron, da ranar dawowa. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da ɗan kumburi bayan Penta abu ne sananne, haka ɗan ƙurjin da BCG ke fitarwa ya bar tabo. Uwar da aka gaya wa tun farko ba za ta firgita ba. Idan kuma wani abu mai tsanani ya faru, wanda ba kasafai yake faruwa ba, aikin ma'aikaci ne ya san taimakon gaggawa, ya kai rahoto, ba ya ɓoye ba.

Sai kuma tambayoyi masu nauyi, waɗanda ke da tarihi a yankinmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara 200, inda 11 suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, amma abin ya bar miki a zukatan mutane. A 2003 jihar Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna kan zargin yana hana haihuwa. Ba a koma ba sai watan Yuli na 2004, bayan gwaje-gwaje da kawo magani daga Indunusiya, kuma a sanadin haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 cikin ƴan shekaru. Ɗalibin da bai san wannan tarihi ba zai ɗauki maigidan da ya ƙi jahili ne. Wanda ya sani zai saurare shi, ya yarda da abin da ya faru da gaske, ya raba masa shi da jita-jita, ya kuma san lokacin da zai nemi taimakon liman ko mai unguwa.

Haka nan mutane kan tambayi dalilin da ya sa har yanzu ake bi gida-gida, alhali a ranar 25 ga Agusta 2020 an ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta asali, bayan ganin ta ƙarshe a Borno a 2016. Amsar gaskiya ita ce a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, raunanniyar ƙwayar da ke cikin maganin ɗigo tana iya daɗewa tana yawo tsakaninsu har ta canza ta koma mai shanye ƙafa. Maganin abin shi ne a kai ga kowane yaro, kuma tun 2021 aka fara amfani da sabon ɗigo da aka gyara domin rage wannan haɗari. Ma'aikacin da ya iya faɗin haka da Hausa mai sauƙi ya fi wanda zai ce umurni ne daga sama.

Abin da ya keɓanci kan iyaka

Akwai ilimin da ɗalibin Yamai ko na Abuja zai iya rayuwa ba shi, amma na Ƙonni ko na Magarya ba zai iya ba. Yaro kan fara allura a Illela, uwarsa ta zo wankan gida ko biki a Ƙonni lokacin ta biyu ya yi. Katinsa da Turancin Ingilishi yake, ma'aikacin kuma da Faransanci ya yi karatu. Abin da katin Nijar ya rubuta VPO shi ne na Nijeriya ya rubuta OPV, VPI shi ne IPV, VAR ita ce ta ƙyanda, VAA ta shawara. Darasin awa ɗaya ya isa a koya wa ɗalibi karanta katunan biyu, domin ya ci gaba daga inda aka tsaya. Yaron da ya makara ba a sake masa daga farko, kuma ƴar mura ko ɗan zawo ba dalilin korar sa ba ne.

Akwai kuma tsoron asara. Kwalbar ƙyanda mai allura 10 idan aka buɗe wa yaro ɗaya, sauran sun tafi, don haka wasu ma'aikata kan ce uwa ta dawo ranar da yara suka taru. Wannan lissafin kanti ne, amma a nan bai ci ba, domin iyalin fatake ko makiyaya da aka sallama yau, mako mai zuwa suna wata ƙasa. Shawarar OMS ita ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne.

Abin da ya rage gare mu

Mai ɗa ko ƴa a makarantar lafiya ya tambayi hukumar makarantar ko gwamnati ta san da zamanta, a wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki, mako nawa suke yi a ɗakin rigakafi. Ya tambayi ɗan nasa ko ya taɓa riƙe kula, ko ya iya karanta tambarin jikin kwalba. Amsar za ta nuna masa inda kuɗinsa ke tafiya.

Mai kai yaro rigakafi ya sani alluran jadawali kyauta ne a asibitocin gwamnati na ƙasashen biyu, kuma ba rashin kunya ba ne ya nemi a ɓare sirinji a gabansa, ko a gaya masa sunan allurar. Katin yaro a riƙe shi kamar takardar fili, a yi tafiya da shi. Shi kuma matafiyi ya guji sayen katin shawara a bakin tasha ba tare da allura ba. Tun watan Yuli na 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa bisa ƙa'idar duniya, kati kuma yana fara aiki kwana 10 bayan an yi ta. Katin saye yana iya wuce shinge, amma sauron da ke ɗauke da shawara ba ya karanta takarda.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da sarakunan kasuwa kuma suna da abin bayarwa. Rumfa ɗaya mai inuwa a ranar kasuwa, inda ma'aikata da ɗaliban da ke koyon aiki za su zauna da kularsu, tana iya kai rigakafi ga yaran da asibiti bai taɓa gani ba, ɗaliban kuma su koyi magana da mutanen da za su yi wa hidima gobe. Kakanninmu sun ga agana tana kisa tana makanta mutane, har aka ayyana ƙarewarta a duniya a 1980, kuma ma'aikatan da aka horar ne suka bi gari-gari da kasuwa-kasuwa suka yi wannan aiki. Na bayansu suna aji yanzu haka, wasunsu da kuɗinmu. Allah ya ba su ilimi mai amfani da riƙon amana, ya kare mana zuri'a.